Kundin da Ba a Karantawa

A Klaksvík, inda duwatsu ke tsoma ƙafa cikin teku,
kasuwar kifi na buɗewa tun ƙarfe huɗu na asuba.
Ni Rannvá, aikina yana ƙasa,
a ɗaki marar taga, bayan ma'ajiyar ƙanƙara,
inda na'urori ke gurnani kamar kuliyoyin da suka ƙoshi.

Bara, duk akwatin kifin da ya hau sikeli
sai ya jira.
Babban faifan nan mai juyawa, shi ne magatakarda, shi ne ma'aji:
ya rubuta "na ji, zan ajiye" a wannan gefe,
ya ruga wancan gefe ya ajiye,
ya dawo, ya sake rugawa.
Taura biyu a baki ɗaya.
Allurarsa na kai da komo har ta ba ni tausayi,
a sama kuwa masunta na buga takalman roba a siminti.
Eyðun ya leƙo ta matakala:
"Yarinya, kifina zai yi jikoki kafin injinki ya ƙirga shi."

Sai na roƙi Torkil kuɗin faifai biyu,
ƙanana, ba su cika tafin hannuna ba,
babu abin da ke juyi a cikinsu.
Ya dubi farashi, ya dube ni.
"Duk wannan tsada, me za su ɗauka?"
Na ce, alkawari kawai.
Ya sa hannu yana ƙunƙuni.

Na ware musu gurbinsu.
Tagwaye ne, abin da wannan ya rubuta, wancan ya rubuta,
ko ɗaya ya mutu, magana ba ta mutu ba.
Sikeli ya ce kilo ɗari uku da sha biyu,
su ce "mun riƙe" kafin ƙiftawar ido,
a janye, a ɗora na gaba.
Babban faifai ya sami sararin numfashi,
ya tara kaya, ya jera su a natse,
bayan daƙiƙa biyar a share abin da tagwaye suka riƙe.

Wata tara
ba wanda ya karanta musu ko layi ɗaya.
Rubutu, shara, rubutu, shara,
kamar sawun tsuntsu a bakin ruwa.

Wata Laraba cikin Janairu iska ta taso daga arewa,
ta tsinke waya a kan tudu.
Batirin da muka jingina da shi,
ashe gishirin iska ya cinye shi tun kaka.
Biyar saura minti bakwai, komai ya yi tsit.
Har ɗigar ruwan ƙanƙara nake ji.
A sama an riga an zube akwatuna cikin mota,
kifin wane ya gauraye da na wane,
kifi kuwa ba ya faɗin sunan mai shi.

Wuta ta dawo.
Ina zaune kan bokiti, hannuwa cikin hammata.
Na'ura ta farka, ba ta tambaye ni komai ba,
kai tsaye ta nufi tagwaye:
me aka faɗa kafin duhu?

Suka karanto.
Layi goma sha ɗaya:
akwati bakwai na Eyðun, huɗu na jirgin Óluva,
kowanne da nauyinsa, babu ragi.
Babban faifai ya karɓa, ya kai su mazauninsu.

Eyðun ya amshi rasidinsa, ya bi shi da yatsa,
ya yi mitar farashin kilo, ya tafi shan kofi.
Torkil ya ce a sayo sabon batir.
Ba wanda ya tambayi yadda lissafi ya tsira.

Na sauko, na ɗora yatsa kusa da koren hasken nan biyu.
Su ma sun manta.
Tuni sun share,
suna jiran akwati na gaba.